Dakashi: Yadda Rana Ɗaya Ke Yanke Wa 'Ya'yan Dabbobi Hukunci A Yankin Lagdo

Duk wanda ya je Lagdo a tsakiyar rani, kafin idonsa ya kai ga madatsar ruwan nan da ta ɗaga sunan garin, da dabbobi zai fara cin karo. Garken shanu na gangarowa bakin tafki, tumaki da awaki na kiwo a gonakin da aka girbe, ga kuma aladu a bayan wasu gidaje na unguwannin da baƙi suka kafa. Tun da 'yan ƙasar Sin suka kammala ginin madatsar a kan kogin Binuwai a 1982, bayan aikin da aka soma a 1977, ruwan da ya taru ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 586, kuma shi ne ya jawo masunta da manoma da makiyaya daga ko'ina: Fulani da Hausawa da Barebari, da kuma Tupuri da Mundang da Masa da Mafa waɗanda suka sauko daga yankin Arewa Mai Nisa neman ƙasar noma. Kowa da irin dabbar da yake kiwo, amma akwai wata hasara guda da ta haɗa su, wadda ba a cika jin ta a rediyo ko a jarida ba, saboda ba ta zuwa da hayaniya irin ta annoba ko ta ɓarayin shanu. Ita ce mutuwar 'ya'yan dabbobi a makon farko na haihuwa.

Mai dabba ya jira saniyarsa wata tara, ko tunkiyarsa wata biyar, ta haihu lafiya, ɗan ya miƙe har an yi barka. Bayan kwana uku ko huɗu sai ga zawo, ko cibiya ta kumbura, ko gwiwoyi su cika da ruwa ya kasa tashi. Kafin mako ya zagayo an ja shi an yar a bayan gari. Sai a ce iska ce, ko sanyi, ko baki, ko kuma a ce dama can ba mai zama ba ne. Ba mu musun cewa kowane rai da ajalinsa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. A da yawa daga cikin irin waɗannan mace-mace, in aka bi sawu, za a tarar zancen ya ƙare ne tun ranar farko, a kan abu ɗaya: ɗan bai sha dakashi ba, ko ya sha bai ƙoshi ba, ko ya sha a makare.

Ba nono ba ne kawai

Kowane makiyayi ya san dakashi da ido, wato nonon nan na farko mai kauri, mai yauƙi, mai ruwan ɗorawa, wanda uwa ke fitarwa a ranar haihuwa kafin farin nono ya sauko. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin da ya sa ɗan dabba ya fi ɗan Adam matsuwa da shi.

Ga yadda abin yake. Jaririn mutum tun yana ciki yake karɓar wasu sinadaran kariya daga jinin mahaifiyarsa ta hanyar mabiyiya, don haka yakan faɗo duniya da 'yar garkuwarsa. Saniya da tunkiya da akuya da goɗiya da alade kuwa, yadda Allah Ya halicci mabiyiyarsu ba ta barin waɗannan sinadarai su ƙetara. Ɗan yana fitowa ne fanko, jininsa babu makamin yaƙi da ko da cuta ɗaya, ya faɗo kai tsaye a kan ƙasar turke mai cike da kashi da fitsari. Duk kariyar da uwar ta tara a rayuwarta, daga cututtukan da ta yi ta warke da alluran rigakafin da aka yi mata, sai jikinta ya tattara ya zuba a hantsa a makonnin ƙarshe na ciki. Abin da ya taru ɗin nan shi ne dakashi. Mafi yawa daga cikin sinadaran shi ne wanda masana ke kira IgG, kuma a wajen saniya ba a cewa dakashi ya yi kyau sai lita ɗaya ta ƙunshi giram 50 ko fiye na wannan sinadari. Nonon yau da kullum da ake tatsa a kai kasuwa bai kai ko giram ɗaya ba.

Ba kariya kaɗai ke ciki ba. Akwai maiƙo da ke ɗumama jiki, akwai bitamin A mai yawa, kuma shi ne ke wanke cikin jariri ya fitar da baƙin kashin nan na farko.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. Tun a 1892 Bajamushen nan Paul Ehrlich ya nuna, ta hanyar gwaji da ɓeraye, cewa uwa na miƙa wa 'ya'yanta kariya ta nono. A 1922 kuma Theobald Smith da Ralph Little, a Amurka, suka hana wasu maruƙa shan dakashi suka bar wasu suka sha. Yawancin waɗanda aka hana suka mutu cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin cutar hanji sun shiga jininsu, alhali waɗanda suka sha sun rayu. Shekara ɗari ke nan da 'yan kai, amma har yau saƙon bai gama isa ruga ba.

Ƙofar da ke rufewa

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. A sa'o'in farko bayan haihuwa, hanjin jariri a buɗe yake, yana barin waɗannan manyan sinadarai su ratsa su shiga jini yadda suke, ba tare da an narkar da su ba. Amma ƙofar tana soma rufewa tun daga lokacin da aka haife shi. A sa'o'i biyu zuwa huɗu na farko ne ya fi tsotsa. Bayan sa'o'i shida abin ya fara ja da baya sosai, zuwa sa'o'i 12 ya ragu ƙwarai, in kuwa aka kai sa'o'i 24, to a wajen ɗan maraƙi kusan an rufe ke nan. Dakashin da ya sha a rana ta biyu abinci ne mai kyau, yana kuma taimaka wa hanji, amma ba zai shiga jini ba.

Wani hanzari ba gudu ba: ƙofar nan ba ta tantance mai shiga. In ɗan ya fara lasar ƙasa, ko ya kama kan nono mai dauɗa kafin ya sami dakashi, ƙwayoyin cuta ne za su riga kariya shiga. Ita ma hantsar tana nata gudun, domin daga haihuwa jikin uwar ke fara tsarma dakashin da nono, ko an sha ko ba a sha ba. Ke nan wanda ya makara hasara biyu ya yi, hanjinsa ya rufe, abin shan kuma ya yi ruwa.

Nawa ne ya isa? Likitocin dabbobi sun fi tsayawa a kan kashi 10 cikin 100 na nauyin ɗan maraƙi a cikin sa'o'i shida na farko. Maraƙin shanunmu na gida, Gudali ne ko Bunaji ko Rahaji, yakan zo da nauyin kilo 20 zuwa 25, wato yana buƙatar lita 2 zuwa 2 da rabi. Ɗan tunkiya ko ɗan akuya kuwa mililita 50 a kan kowane kilo a shan farko, sannan mililita 200 a kan kowane kilo kafin rana ta zagayo. Ɗan tunkiya mai kilo 3 ke nan zai sha abin da ya ɗara rabin lita a ranarsa ta farko. Babu wanda zai tsaya da mudu yana aunawa a bakin tafki, mun sani. Amma kowa na iya sa hannu ya taɓa cikin ɗan a bayan haƙarƙari. In ya cika ya yi taushi, ya sha. In ya lotsa, ɗan na tsaye a ƙudundune yana kuka yana bin kowace uwa, to bai sha ba, ko da an ga bakinsa a ƙarƙashin uwar. Sau da yawa ɗan na tsotsar gashi ne ko fatar cinya, ko kuma kan nonon a toshe yake da ɗan daskararren toshin nan da ke bakinsa. Matsawa ɗaya da yatsu ta isa ta buɗe shi.

Abin da ke ɓata lissafi a nan Lagdo

Babbar matsalar yankinmu ba ta wuce yanayin da uwa ke shiga watanninta na ƙarshe ba. Ruwan sama na ɗaukewa a Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da kewaye ke haura digiri 40, ciyawa ta ƙone, karan gona ya ƙare, shanu na tafiya mai nisa tsakanin kiwo da mashaya. Kuma shanu da yawa a daidai wannan tsakanin, ƙarshen rani zuwa farkon damina, suke haihuwa. A wajen tunkiya, kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan da ke ciki a makonni shida na ƙarshe yake faruwa, a daidai lokacin da hantsa ke haɗa dakashi. Uwar da ta rame a wannan lokaci ƙaramin ɗa za ta haifa, marar kuzarin miƙewa da wuri, hantsarta kuma ba komai.

Abin takaicin shi ne abincin yana nan kusa. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda hedkwatarsa ke Garwa, yana fitar da ƙuli-ƙulin gurya daga masana'antun mansa. Ga dusar shinkafa daga gonakin ban-ruwa na Gunugu da ke ƙasan madatsar, ga harawar wake da ta gyaɗa, ga dusar masara. Amma mun lura a gidaje da yawa abincin kirki ragon da ake turkawa don sallah ake ba, ko shanun huɗa, tunkiya mai tsohon ciki kuwa a kora ta daji ta nemi abin da za ta samu. A ganinmu lissafin ya karkace. Ragon layya na baɗi yana cikin cikin tunkiyar nan da aka kora. Gargaɗi ɗaya game da ƙuli-ƙulin gurya: yana ɗauke da wata guba da babbar saniya ko tunkiya ke iya jurewa in ba a cika mata ba, amma tana illa ga ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba, haka ma ga alade. Abincin uwa ne, ba na ɗa ba.

Shi kansa tafkin da ke ceton garke da rani yana da nasa haraji. A bakin ruwa da fadamu ne dabbobi ke kwasar tsutsar hanta, wadda ke shanye jinin uwa a hankali ba tare da an ankara ba. Saniyar da hantarta ta lalace ko an cika mata abinci ba za ta yi dakashin kirki ba. Da damina kuma matsalar ta juya. Masu karatu ba su manta da ambaliyar 2012 ba, da ta 2022, lokutan da aka buɗe ƙofofin madatsar ruwa ya malala har cikin Nijeriya. A irin wannan lokaci dabbobi na cunkushewa a kan 'yan tuddai, a haihu a cikin taɓo, kan nono ya dame da laka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma wata dabara da 'yan kasuwa ke ganin riba ce, wato sayen dabba mai tsohon ciki a kasuwar Adumri ko ta Ngong, a ce an sayi biyu da kuɗin ɗaya. To amma kariyar da ke cikin dakashinta ta cututtukan inda ta fito ce, watakila daga Cadi, watakila daga wajen Rai-Buba, ba ta cututtukan turken da aka kawo ta ba. Jikinta na buƙatar makonni kafin ya san ƙwayoyin sabon wuri ya haɗa musu makami. In ta haihu kwana biyar da zuwa, ga wahalar tafiya, ɗan ya sha dakashi amma garkuwar ba ta wannan yaƙin ba ce. Wanda zai sayi mai ciki ya saya da sauran lokaci.

Sai kuma wanda hannun mutum ke yi. A wasu gidaje dakashin saniya abin marmari ne, ana tatsa a dafa ya daskare yara su ci. Babu laifi a ci, in an dafa da kyau, amma ba na ranar farko ba. Ranar farko ta maraƙi ce ita kaɗai. A wasu wuraren kuma akasin haka ake yi, ana ganin kaurinsa da launinsa alamar ya lalace ne, sai a tatse a zubar wai kada ya sa ɗan zawo. Haka kuma bai kamata a yi gaggawar ɗaure sabon maraƙi a dangwali tare da manyan maruƙa, uwar ta bi garke ta yini a daji ba. A bar su tare kwana biyu ko uku, a kawo wa uwar ruwa da abinci inda take. A sa ido musamman a kan karsana mai haihuwar fari, domin takan tsorata da ɗan ta riƙa harbinsa, dakashinta kuma sau da yawa bai kai na tsohuwar saniya ƙarfi ba. Haka tunkiya ko akuyar da ta haifi biyu ko uku, na farko ya sha ya ƙoshi tana can tana naƙudar na biyu. Haihuwar dare a cikin hunturun Disamba da Janairu ita ce ta fi cin rai, saboda ɗan yana jiƙe, iska na kaɗawa, mai gida na barci. Da safe a tarar da shi a sandare.

Darasi daga bayan gidan maƙwabta

Mun san mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su kiwon alade, addini ya raba su da shi. Amma a Lagdo da Ngong da kewayen Garwa akwai maƙwabtanmu da yawa, musamman waɗanda suka zo daga Arewa Mai Nisa, da aladu ne asusunsu na kuɗin makaranta da na asibiti, kuma mata ne suka fi ɗawainiya da su, suna ciyar da su da dusar bilbil da ragowar abinci. Da yawansu na jin Hausa, jaridar nan kuma tasu ce. Ban da haka ma, babu dabbar da ke nuna muhimmancin dakashi ƙarara kamar alade, domin a wajensa haihuwa ɗaya garke ce.

Uwar alade na ɗaukar ciki kwana 114, abin da masu kiwo ke haddacewa da wata uku, mako uku, kwana uku. Ɗan na faɗowa da nauyin kilo ɗaya da 'yan kai, babu gashin kirki, kitsen jikinsa bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ba shi kuma da irin kitsen nan na musamman da ɗan tunkiya ke ƙonawa ya ji ɗumi. Ɗan abin da ya zo da shi na kuzari ba ya kai shi kwana ɗaya. Masu bincike na cibiyar nazarin aikin gona ta Faransa, INRA, wadda ta koma INRAE a 2020, sun auna abin dalla-dalla. A sakamakon da Nicolas Devillers da abokan aikinsa suka fitar a 2011, 'ya'yan da suka sha fiye da giram 200 na dakashi a ranar farko, kimanin 7 cikin 100 ne suka mutu kafin yaye. Waɗanda ba su kai giram 200 ba, sama da 40 cikin 100 suka mutu. Shi ya sa a 2012 Hélène Quesnel da abokan aikinta suka ba da shawarar giram 250 ga kowane ɗa, don ya rayu kuma ya yi girman kirki.

Ga inda lissafin ke da ban tsoro. Abin da uwa ɗaya ke samarwa ya bambanta ƙwarai, daga ƙasa da kilo 2 zuwa sama da kilo 5, kuma ba ya ƙaruwa don 'ya'ya sun yi yawa. Uwar da ta samar da kilo 3, 'ya'ya 12 kawai za ta iya ƙosarwa, shi ma in an raba daidai, alhali ba a taɓa rabawa daidai. Binciken ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na uwayen ba su samar da abin da zai ishi 'ya'yansu. A ƙasashe irin su Denmak, inda aka yi ta zaɓen iri har uwa na haifar fiye da 16 a lokaci guda alhali kan nononta bai cika wuce 14 ba, wannan ta zama babbar matsala. Aladun gida na yankinmu ba su haihuwa da yawa haka, amma masu sayo irin Turai don ingantawa su sani cewa tare da matsalar suke sayowa, ga kuma zafin da ke hana uwar cin abinci.

Haihuwar kan ɗauki sa'o'i biyu zuwa biyar. Na farko ya sami dakashi mai kauri da kan nonon da ya ga dama, na ƙarshe ya fito a galabaice ya tarar an cinye kasuwa. Ƙaramin da bai samu ba sai sanyi ya kama shi, ya lallaɓa jikin uwar neman ɗumi, ita kuwa ta juya ta danne shi. Mai gida ya ce uwar ce ta kashe, alhali yunwa ce ta kai shi ƙarƙashinta. Maganin da manyan gonaki ke yi ba ya buƙatar ko sisi: a goge kowane ɗa da tsumma ya bushe da zarar ya faɗo, in manyan sun sha cikinsu ya cika a kwashe su a sa a kwando mai ɗumi na sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi, a bar ƙananan su sha ba tare da ture-ture ba, sannan a mayar. In za a kai wasu 'ya'yan wajen wata uwar, a bari su fara shan dakashin tasu. Mai akuyar da ta haifi uku zai iya aron wannan dabara yadda take. Zazzaɓin aladu na Afirka kuwa, wanda ya shigo Kamaru a 1982 ya kuma iso yankunan arewa a 2010, shi ba dakashi ne maganinsa ba, sai killace dabbobi da hana shige da fice.

In uwa ta mutu, ko ta ƙi ɗan

A nan ne maƙwabtaka ke amfani. Abin da ya fi shi ne dakashin wata uwa ta gidan, ko ta gidan kusa, wadda ta haihu a ranar. In babu, dakashin saniya na iya ceton ɗan tunkiya ko ɗan akuya. A tatsa a ƙwarya ko kwano mai tsabta, bayan an wanke hantsa da hannu, a ba shi da ɗumi ta kwalbar shayar da jarirai. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa, domin in ya shiga huhu an gama. In ɗan ya yi sanyi har ya kasa tsotsa, a fara ɗumama shi, a nemi malamin dabbobi ya ba shi ta robar da ake zurawa har ciki. Kada a ɗauko daga saniyar da ke tari, ko mai yawan ɓari, ko wadda hantsarta ta kumbura, saboda tarin fuka da bakkale suna bin nono. Bakkale ɗin nan yana kama mutum, don haka mai taɓa mabiyiya ko ɗan ɓari ya sa leda a hannu, ya wanke da sabulu. Cibiya kuma a tsoma ta a ruwan aidin, a bar shafa mata toka ko kashin shanu.

Littattafai na cewa a ajiye rarar dakashi a firji na kwana ɗaya ko biyu, ko a daskarar da shi ya yi watanni, in za a yi amfani da shi a narkar a ruwan ɗumi, kada a tafasa, domin wuta na kashe sinadaran. Shawara ce mai kyau, sai dai mai karatu na Lagdo zai yi murmushi. Garin da injinansa huɗu ke iya ba da megawat 72 ya san ɗaukewar wuta kamar kowa, musamman a shekarun da ruwan tafkin ya ja baya kamar 2021, balle rugar da ko turken lantarki ba ta taɓa gani ba. Duk da haka ƙungiyoyin masu tatsar nono da ke da firji mai aiki da hasken rana za su iya ware ɗan lungu su ajiye lita biyu ko uku a ƙananan robobi. Akwai kuma wata 'yar na'ura, ma'aunin Brix, wadda ba ta fi tocila girma ba kuma ba ta cin batir. Ana ɗiga dakashi a kanta a duba a haske, in ya kai 22 ko fiye to mai kyau ne. Ba kowane makiyayi zai saya ba, amma babu dalilin da zai hana a same ta a kowace cibiyar kula da dabbobi ta ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA.

Ba za mu wuce ba mu ce wani abu game da cikin gida ba, tunda zance ya kawo mu. Har yanzu akwai inda ake hana jaririn mutum nonon farko, a ce mai dauɗa ne, a matse a zubar, a riƙa ba shi ruwa ko nonon akuya har kwana uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Abin mamaki ne a ga gidan da ake tsayawa a kan maraƙi sai ya sha, amma a hana jikan mai gidan.

Rigakafin uwa, rigakafin ɗa

A Bokle, kusa da Garwa, akwai ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LANAVET, wanda aka kafa a 1983, kuma yana haɗa alluran rigakafin da ake amfani da su a Kamaru da wasu ƙasashen Afirka. Abin da ya kamata makiyayi ya gane shi ne allurar da aka yi wa uwa ba a jikinta kaɗai take tsayawa ba. Ɗauki annobar nan ta tumaki da awaki da ake kira PPR, mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, wadda aka fara ganowa a Kwaddibuwa a 1942, kuma a taron Abijan na 2015 duniya ta ɗau alkawarin kawar da ita kafin 2030, kamar yadda aka kawar da bushiya a 2011. Akuyar da aka yi wa allurar tana miƙa wa ɗanta kariyar wata uku zuwa huɗu, amma ta dakashi kaɗai. In bai sha ba, allurar uwar ba ta amfane shi da komai ba. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ma'aikata ke ƙin yi wa ƙananan 'ya'ya allurar sai sun wuce wata uku, domin kariyar uwar da ke jininsu za ta kashe ƙarfin allurar. Makiyaya da yawa na ɗaukar wannan a matsayin rowa ko ƙyuya, saboda ba a tsayawa a yi musu bayani.

Muna ganin a nan ne hukuma ke da aiki mai sauƙi a gabanta. Ma'aikatan da ke zagaya ƙauyuka lokacin allurar shekara-shekara su ne ke haɗuwa da masu dabbobi ido da ido, minti biyar na bayani a bakin turke ya isa. Amma a tuna, waɗanda ke halartar wurin allura maza ne, masu karɓar haihuwar akuya da tunkiya da alade a cikin gida kuwa mata ne da yara. In ba a kai maganar gidan rediyon CRTV na Garwa da rediyoyin al'umma ba, cikin Fulatanci da Hausa da Tupuri da Mundang, a kuma lokacin da mata ke sauraro, to ba ta isa ga masu ita ba. Su ma sarakunan gargajiya, daga lamiɓe zuwa jauro-jauro da arɗo-arɗo, suna da bakin da ake ji. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne Nuwamba, kafin hunturu ya kankama, a sake maimaitawa a Fabrairu, sa'ad da shanu masu ciki ke da sauran wata biyu ko uku, harawa kuma ba ta gama tsada ba.